Tekun da Ya Ƙafe a Ƙasar Hausa: Haƙoran Kifin Shak da Amanar Adana Su

Duk wanda ya hau Goron Dutse ya hango Dala, da rufin gidajen cikin birni sun shimfiɗu har iyakar ganinsa, abu na ƙarshe da zai faɗo masa a rai shi ne teku. Tsakaninmu da gaɓar teku mafi kusa akwai ɗaruruwan kilomita. Kifin da muka sani shi ne tarwaɗa da karfasa da ragon ruwa, sai na kankara da ake kawowa cikin kwali. Kifin shak kuwa, mai jerin haƙora masu kaifi, a talabijin da waya muke ganinsa.

Amma a cikin ƙasar Hausa ɗin nan akwai wuraren da yaro mai kiwon awaki zai sunkuya a bakin kwazazzabo ya tsinci haƙorin wannan kifi ya koma dutse, da ƙyallinsa da tsininsa, shekarunsa sun haura miliyan 60. Masana daga Ingila da Faransa da Italiya sun yi kusan shekara ɗari suna zuwa neman irin waɗannan abubuwa, sun rubuta littattafai a kansu, sun laƙaba wa wasu halittun sunayen garuruwanmu. Mu da abin yake a ƙasarmu, ƙalilan ne a cikinmu suka taɓa jin labarin. Tambayoyin da ya kamata mu yi su ne: a ina ake samun haƙoran nan, me ya kawo su, yaya ake tsintarsu a adana su ba tare da an ɓata su ba, kuma haƙƙin wa ne ya riƙe su?

Me ya sa babu su a Goron Dutse

Gara a fara da gida. Wanda ya ɗauki diga ya nufi Goron Dutse ko Dala neman haƙorin kifin teku, wahala kawai zai sha. Dalilin rashin samun shi ne mabuɗin fahimtar duk sauran maganar.

Masana ilimin duwatsu sun kasa duwatsu gida uku. Akwai waɗanda suka samu daga narkakken dutse da ya huce. Akwai waɗanda zafi da nauyin ƙasa suka sauya musu kama a can ƙarƙashi. Sai kuma waɗanda suka samu daga laka da yashi da ɓawon halittu da suka kwanta a ƙasan ruwa, sala bisa sala, har suka daskare. A wannan kashi na uku ne ake samun ragowar halittun da, domin shi ne yake binne gawa a hankali ba tare da ya ƙone ta ko ya niƙe ta ba.

Birnin Kano yana zaune ne a kan kashi na farko da na biyu, wato tsohon ginshiƙin dutse wanda ya ɗauki siffarsa ta yanzu kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce, tun kafin a sami kifi ko ɗaya a duniya. Jan dutsen da ya lulluɓe kan Dala da Goron Dutse kuwa marmara ce, wadda ruwan sama da zafin rana suka samar a tsawon zamani, suka wanke sauran sinadarai suka bar ƙarfe. Wannan ƙarfe ne ya jawo maƙera suka zauna a gindin Dala suna narka tama tun wajen ƙarni na 7. Arzikin duwatsun Kano ke nan: sun ba mu ƙarfe da mafaka da tarihin mutane. Tarihin teku kuwa wata ƙasar aka ba wa ajiyarsa.

Matafiyin da ya bar Kano ya bi ta Funtuwa da Gusau ya nufi Sakkwato zai iya ganin canjin da idonsa. Bayan Talatar Mafara manyan duwatsu masu santsi suna raguwa, ƙasa ta baje, sai tuddai masu shimfiɗaɗɗen kai. A wajen dajin Gundumi ana samun guntayen itace da suka koma dutse. Daga nan an shiga babban kwarin da masana ke kira Iullemmeden, sunan da aka aro daga wata ƙabilar Abzinawa. Kwarin ya haɗa Sakkwato da Kebbi da yankin Tawa a Nijar, ya miƙa har Mali.

Lokacin da ruwa ya ratsa Sahara

Tsakanin kimanin shekara miliyan 100 zuwa miliyan 50 da suka shige, duniya ta fi yanzu ɗumi, ruwan teku kuma ya fi yanzu tudu. Sau da dama ruwan yakan malalo daga arewa, daga tsohon tekun da ake kira Tethys, ya ratso inda Sahara take a yau, ya kwanta a kan Aljeriya da Mali da Nijar da arewa maso yammacin Najeriya. Teku ne marar zurfi mai ɗumi. Wani babban bincike da ayarin Maureen O'Leary da abokan aikinta na ƙasar Mali suka wallafa a 2019 ya ƙiyasta zurfinsa da kimanin mita 50. Ruwan yakan zo ya daɗe, ya janye, ya sake dawowa, kuma kowane zuwa yana barin salarsa ta laka.

Waɗannan salolin, da sunayen garuruwan Sakkwato duniya ta san su. Daga ƙasa akwai salar Taloka, sai ta Dukamaje, sai ta Wurno. Waɗannan uku na ƙarshen zamanin da ake kira Kiretashiyos ne, tsakanin shekara miliyan 72 zuwa 66. A bisansu akwai salar Dange da ta Kalambaina, na zamanin da ya biyo baya, tsakanin miliyan 66 zuwa 56. Can sama kuma salar Gwandu ce, wadda ta kwanta bayan teku ya tafi bai sake dawowa ba.

Salar Dukamaje laka ce mai duhu da ke ɓarewa falle-falle, cike da jifsam mai ƙyalli, kuma a cikinta akwai wani siririn layi da ƙasusuwa da haƙora suka taru. Salar Dange ma laka ce mai jifsam, ga dunƙule-dunƙulen fosfet, wasunsu kashin kifaye ne da na kadoji da ya daskare. Salar Kalambaina kuwa farin dutse ne mai cike da ɓawon halittun ruwa, shi ne wanda ake fasawa a yi siminti.

Abin da ya ƙara wa wannan jeri daraja shi ne ya ƙetare wata babbar iyaka. Shekara miliyan 66 da suka wuce wani ƙaton dutse ya faɗo daga sama a yankin Yukatan na ƙasar Meziko, aka yi halakar da ta share dabbobin dainaso da manyan ƙadangarun teku. Wani nazari da aka buga a 2023 ya nuna cewa sama da kashi 60 cikin 100 na nau'o'in kifin shak da danginsa sun ɓace a wannan lokaci. Wanda ya tattara haƙora daga Dukamaje, ya tattara daga Dange, ya jera su gefe da gefe, yana kallon rayuwar teku guda kafin musibar da bayanta. Wurare kaɗan ne a Afirka ta Yamma suke ba da wannan dama.

Ba a Sakkwato kaɗai teku ya bar sawu ba. A gabas, a kwarin Gongola, ramin da ake haƙar dutsen siminti a Ashaka ya yi suna wajen manyan katantanwar teku masu naɗi, haka ma yankin Damargu a Nijar. Amma in ana maganar haƙoran kifi a ƙasar Hausa, Sakkwato da Tawa ne kan gaba.

Me ya sa haƙori ne ya saura

Mai karatu zai iya tambaya: ina ƙashin kifin, ina kansa? Amsar tana cikin halittar kifin shak. Jikinsa ba ƙashi ne ya riƙe shi ba, guringuntsi ne, irin na kunnen mutum da karan hancinsa. Da zarar ya mutu guringuntsin yakan ruɓe ya watse. Haƙorin kuwa an lulluɓe shi da wani sinadari mai tsananin tauri, dangin fosfet mai haɗe da fulorin, wanda ruwa ba ya cin sa da sauƙi.

Sannan ga yawa. Haƙoran wannan kifi ba a dashe suke cikin muƙamuƙi irin namu ba. Layi-layi suke a cikin dasashi, na gaba yana aiki, na baya suna jiran gado. In na gaba ya dakushe ko ya karye sai ya faɗi, na bayansa ya matso. Kifi ɗaya yana iya zubar da dubban haƙora kafin ya mutu, a wasu nau'o'in har dubu goma-goma. In aka lissafa kifayen da suka rayu a teku guda cikin shekaru miliyoyi, ba abin mamaki ba ne a ce haƙorin shak yana cikin ragowar dabbobi masu ƙashin baya da aka fi samu a duniya.

Haƙorin da ya faɗa cikin laka ya binnu da wuri, ruwan ƙasa yakan riƙa ratsa shi yana cike ƙananan ƙofofinsa da ma'adinai. Daga nan launinsa yake samuwa. Wani ya fito baƙi, wani toka-toka, wani ruwan zuma, gwargwadon abin da ke cikin ƙasar da ya kwanta. Launi ba ya nuna shekaru ko nau'in kifi, ƙasar wurin kawai yake nunawa.

In ka ɗora ɗaya a tafin hannu za ka ga kashi biyu. Sama akwai kai mai santsi da sheƙi, ƙasa kuma saiwa mai kaushi wadda sau da yawa ta rabu biyu. A wasu, ƙananan tsinaye ne suke tsaye a kafaɗun babban tsinin, kamar yadda ake gani a nau'o'in Cretalamna da Serratolamna da aka samu a wannan kwari. Siffar tana faɗin abincin mai ita: siriri mai tsini na cafke kifi mai santsi ne, mai faɗi da kaifi na yanka nama ne. Dangin shak masu faffaɗan jiki, irin kunamar ruwa da masunta ke kamawa a kogin Binuwai, wasunsu haƙoransu shimfiɗaɗɗu ne a jere, na murƙushe katantanwa. A ɗakin gwaji kuma, daga sinadaran da ke cikin haƙori ana iya ƙiyasta ɗumin ruwan da kifin ya rayu a ciki.

Akwai wani ƙaton shak da sunansa ya cika intanet, wato Megalodon, mai haƙorin da yakan kai santimita 17 ko fiye. Shi wannan ya rayu ne daga wajen shekara miliyan 20 zuwa miliyan 3.6 da suka wuce, lokacin da tekun Sakkwato ya daɗe da ƙafewa. Duk wanda ya ce ya tono haƙorinsa a Wurno ko Dange, a binciki maganarsa. Namu yawanci ƙanana ne, daga girman ƙwayar gero zuwa tsawon gaɓar yatsa, amma sun girme shi da shekaru miliyoyi masu yawa.

Daga camfi zuwa sani

Ko'ina a duniya, mutane sun tsinci irin waɗannan abubuwa tun kafin su san asalinsu, kuma sun nemo musu bayani. A nan gida, gatarin dutse da mutanen da suka sassaƙa, in manomi ya tone shi sai a ce gatarin aradu ne, tsawa ce ta jefo shi. A Turai kuwa, musamman a tsibirin Malta, haƙoran shak aka riƙa ɗauka a matsayin harsunan macizai da suka koma dutse. Sarakuna da attajirai suna rataya su, suna tsoma su cikin abin sha da imanin suna karya guba.

Malaman Musulunci sun riga su hango gaskiyar lamarin. Abu Raihan al-Biruni, a ƙarni na 11, ya lura da ɓawon halittun ruwa a cikin ƙasar da babu ruwa, ya yanke cewa hamadar Larabawa da filayen Indiya sun taɓa zama teku. Ibn Sina ma ya yi bayani a littafinsa Kitab al-Shifa kan yadda jikin dabba ko tsiro yake komawa dutse, da yadda duwatsu suke samuwa daga lakar teku. A Turai sai a 1666 aka kama wani ƙaton shak kusa da Liborno a Italiya, aka kai kansa birnin Fulorans wurin wani likita ɗan Denmak mai suna Nicolas Steno. Ya feɗe shi, ya gwada haƙoransa da waɗancan duwatsu, ya wallafa a 1667 cewa abu ɗaya ne. Daga wannan tambaya, ta yadda haƙori ya shiga cikin dutse, ya fitar da ƙa'idar da ake aiki da ita har gobe: in ba a birkita ƙasa ba, salar da ke ƙasa ta girmi wadda ke bisanta.

Na kawo wannan ne domin akwai masu ɗari-ɗari da wannan fanni, suna ganin baƙon abu ne da ya zo ya ci karo da imani. Alhali duba cikin ƙasa don ganin yadda halitta ta faro abu ne da Alƙur'ani ya yi kira gare shi a Suratul Ankabut, kuma magabatan malamai sun yi shi ba tare da wata fargaba ba. Haƙorin kifin teku a tsakiyar busasshiyar ƙasa aya ce ga mai tunani.

Sunayen namu, ajiyar ta wasu

An kafa hukumar binciken ƙasa ta Najeriya a 1919, kuma jami'anta da ke yawon neman ruwa da ma'adinai a lardin Sakkwato su ne suka fara tura ƙasusuwa da haƙora zuwa Landan. A 1925 Franz Nopcsa ya rubuta bayani kan wasu ƙasusuwan Sakkwato. A 1930 W. E. Swinton ya bayyana wani ƙaton ƙadangaren teku daga can. Bayan 'yan shekaru Errol White na gidan tarihin halittu na Landan ya fitar da littafi sukutum kan kifayen lardin Sakkwato. A ciki ya raɗa wa wani dangin shak mai shimfiɗaɗɗun haƙora suna Myliobatis wurnoensis, wato na Wurno, garin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi ribaɗi kuma yake kwance. A 2010 aka ba da rahoton samun wannan kifi a Mali cikin salar da ta girmi babbar halaka, abin da ya nuna yana cikin waɗanda suka tsallake ta.

A farkon shekarun 1970 masana daga jami'ar Fulorans suka tono ƙoƙon kan wancan ƙadangare a yankin Goronyo, suka sake masa suna Goronyosaurus a 1972. A shekarar ce kuma Henri Cappetta na Faransa ya wallafa nazarinsa kan kifayen ɓangaren Nijar, musamman na dutsen Igdaman a yankin Tawa, inda ya samo sunan da ya raɗa wa wani kifi, Igdabatis. A 1975 Beverly Halstead ya bayyana wani kada mai dogon baki ya kira shi Sokotosuchus. A gida kuma, Farfesa C. A. Kogbe, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya yi aiki mai yawa wajen tantance salolin wannan kwari.

Ba a raina aikin waɗannan mutane. Ba don su ba, da yawancin abin da na rubuta a nan ba a san shi ba. Amma sakamakon shi ne samfuran asali, waɗanda aka gina sunayen a kansu, da yawansu suna Landan da Fulorans da Faransa. Ɗalibin Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke son gwada haƙorin da ya tsinta da na asali, sai ya nemi biza ko ya dogara da hoto. Maƙwabciyarmu Nijar ta ɗan yi gaba a nan: a gidan tarihi na Boubou Hama da ke Yamai, ɗan makaranta yana tsayawa gaban ƙwarangwal ɗin dainaso da aka tono a ƙasarsa, kuma tun 1997 ƙasar ta yi dokar kare kayan tarihinta. A Najeriya dokar hukumar gidajen tarihi ta 1979 ta fi mayar da hankali kan abin da ya shafi ɗan Adam da aikin hannunsa, dokar ma'adinai ta 2007 kuma kan abin da ake haƙowa a sayar. Haƙorin kifi ya faɗa tsakanin biyun.

Yadda ake tsinta, yadda ake adanawa

Babban abin da mai sha'awar wannan aiki zai riƙe shi ne darajar haƙori tana cikin bayaninsa. Haƙorin da ba a san inda aka same shi ba tamkar hadisi ne da babu isnadi: ko da matanin ya yi kyau, ba a kafa hujja da shi. Don haka kafin a ɗaga shi daga ƙasa, a ɗauki hotonsa a inda yake, a ajiye biro a gefensa don a ga girmansa. A duba lambobin wurin a waya. A rubuta sunan ƙauye, da kwanan wata, da irin ƙasar: baƙar laka ce ko farin dutse, a gindin tudu ne ko a tsakiyarsa, a maƙale yake cikin sala ko ruwa ne ya gangaro da shi. Da fensir ake rubutun, domin tawada tana kodewa, kuma takardar tana shiga mazubi ɗaya da haƙorin tun a daji. Kada a taɓa zuba na Dukamaje da na Dange cikin leda guda. Wanda ya yi haka ya cakuɗa shekaru miliyoyi, kuma babu mai iya raba su daga baya.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan ruwan sama ya wanke kwazazzabai, da safe ko da la'asar, sa'ad da hasken rana ke zuwa a karkace ya sa kan haƙori ya yi walƙiya. Ba a fara aiki sai an gaida dagaci ko mai unguwa, an nemi izinin mai gona. Ba a shiga ramin haƙar jifsam ko ƙarƙashin gangaren da ruwa ya ci gindinsa, domin laka tana ruftawa ba sallama. Ƙananan haƙora, waɗanda su ne suka fi ba masana labari, ido ba ya ganinsu a tsaye. Ana ɗibar laka a buhu, a shanya ta bushe sarai, a jiƙa ta narke, a tace da rariya mai ƙananan ido, sannan a baje tsakin a faranti a tsince da madubin ƙara girma.

Wajen wanki, ruwa mai tsabta da tsohon buroshin goge baki mai laushi sun isa, sai tsinken sakace don cire lakar da ta maƙale a saiwa. Ba a sa bilic, ba a gogewa da yashi ko waya, ba a shafa mai ko fenti don ƙara sheƙi. Ruwan tsami irin su binega yana cin farin dutse, amma yana iya cin haƙorin ma in ba a san awonsa ba, don haka a bar wa ƙwararru. Haƙorin da ya tsattsage ko yake marmashewa, kada a tsoma shi a ruwa sam. In yana maƙale a dutse, a bar shi da dutsensa, domin dutsen ma shaida ne. Wanda ya karye kuma, masu gidajen tarihi suna liƙa shi da wani gam mai suna Paraloid B-72 da aka narka cikin asiton, saboda ana iya warware shi daga baya. Gam mai kamawa nan take ba ya warwaruwa, kuma yana ɓata wurin karayar.

Yanayinmu yana da nasa ƙalubale. Damina tana kawo laima, hunturu ya kawo tsananin bushewa. Gishiri da jifsam da suka shiga tsagar haƙori suna kumbura suna motsewa da wannan sauyi har su fasa shi. Wanda ke ɗauke da wani ma'adini mai ruwan zinari da ake kira fairait, in laima ta yi yawa sai ya fara fitar da farin gari ko rawaya mai warin ƙibiritu, ya ci haƙorin ya ci takardarsa. Maganin shi ne a bar shi ya bushe a inuwa, a sa kowanne a ƙaramar roba mai murfi, a jefa irin ƙunshin nan mai shan laima da ake samu a kwalin sabon takalmi. A ba kowane haƙori lamba, a rubuta lambar da bayaninta a littafi, a ɗauki hoton shafukan, domin gara ba ta san darajar takarda ba.

Mai saye ma ya buɗe ido. Yawancin haƙoran da ke yawo a kasuwannin duniya daga ramukan fosfet na Khouribga a Maroko suke fitowa. Da yawa na gaske ne, amma akwai waɗanda aka ƙera musu saiwa da filasta da yashi, ko aka haɗa guntaye biyu na haƙora daban. Suna da amfani wajen koyarwa, sai dai ba sa faɗin komai game da tekun Sakkwato.

Abin da ke salwanta, da abin da za a iya yi

Tun 1967 masana'antar siminti ta Kalambaina take aiki, a hayin iyakar Nijar kuma ga ta Malbaza, duka a kan farin dutsen da wannan teku ya bari. Mutanen ƙauyuka suna tono jifsam suna sayarwa, ana kuma maganar fosfet ɗin Sakkwato a matsayin taki. Babu mai hankalin da zai ce a daina. Muna bukatar siminti da taki, kuma haƙar ce ma take buɗe salolin da da ba za a gan su ba. A Maroko ma haka abin yake. Abin da ake nema ƙarami ne: kafin a niƙa, a ba wani mai ido dama ya duba. Ga kuma matsalar tsaro da ta addabi gabashin Sakkwato, wadda ta sa zuwa wasu daga cikin wuraren nan ya zama kasada, alhali kowace damina zaizayar ƙasa tana fito da sababbin haƙora tana kuma tafiya da su.

Akwai matakan da ba sa bukatar kuɗi masu yawa. Sassan ilimin duwatsu na jami'o'in Sakkwato da Zariya da Kano su ware kabad mai lambobi da rajista, wanda kowane ɗalibi da ya je aikin daji zai zuba abin da ya samo a ciki da cikakken bayani. Kamfanonin siminti su buɗe ƙofa ga ɗalibai a kan tsari, su koya wa ma'aikatansu gane ƙashi in ya fito. Duk baƙon masanin da zai yi aiki ya yi shi tare da na gida, samfuran kuma su zauna a nan ko a dawo da su bayan nazari. Majalisa ta gyara doka ta ambaci ragowar halittun da a fili. Mai haƙar jifsam da ya kawo abin da ya tsinta a saka masa, a rubuta sunansa a rajista, domin shi ne yake ganin ƙasar kullum.

Kano ma tana da rawar takawa, duk da cewa duwatsunta ba su da haƙori ko ɗaya. Nan ne cibiyar ɗab'i da rediyo da fim na Hausa, nan ne ɗimbin 'yan makaranta suke. Akwati guda mai gilashi a Gidan Makama, da guntun marmarar Goron Dutse a gefe ɗaya, farin dutsen Kalambaina da haƙoran Dange a ɗaya gefen, da bayani cikin Hausa mai sauƙi, zai koya wa yaro cikin rabin sa'a abin da littafin aji bai koya masa a zango guda ba: cewa ƙasar da yake takawa tana da tarihi, kuma ana iya karanta shi. Daga cikin irin waɗannan yara ne za a sami wanda zai bayyana kifi na gaba daga garuruwan Sakkwato irin su Gilbedi ko Gada, ya raɗa masa suna, ya kuma ajiye samfurinsa a Sakkwato inda ɗalibansa za su same shi. Masu gidajen tarihi da malaman jami'a da hukumomin ilimi na jihohin nan suna da ikon fara wannan aiki a bana, kuma ya kamata su fara.